Makarantar Falon Yaya

Duk ranar Laraba ni ce direbar makarantar yayata. Shagon tabarau da nake aiki a ciki ba ya buɗewa ran Laraba, ina da wata tsohuwar mota wadda ƙofar bayanta sai an sa mata gwiwa take rufuwa, kuma tun ina ƙarama ban iya ce wa Yaya a'a ba. Haka ranar hutuna ta salwanta shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Makarantar kuwa falon gidanta ne, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ɗalibai uku ne, dukkansu ita ta haife su. Malama ɗaya ce, kuma ita ce shugabar makaranta, ita ce mai shara, ita ce mai dafa abincin rana.

Yaya ita ce ta fari a gidanmu, kuma tun muna yara ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. In aka ce ta share tsakar gida sai ta haɗa da ƙofar maƙwabta. Da ta girma ta zama akanta a wani kamfanin kayan gini. Tana da teburinta da kujera mai juyawa, tana sa takalmi mai tsini, in ta dawo gida ƙamshin turarenta ya riga ta hawa bene. Abin da ya raba ta da wannan rayuwa shi ne 'yarta ta tsakiya, wadda muke kira Kurciya. Yarinyar tana da in'ina. In za ta ce “ruwa” sai ta maƙale a farkon kalmar, jijiyar wuyanta ta tashi, idonta ya kawo ƙwalla, kafin maganar ta fito. A gida ana jiranta. Da aka sa ta makaranta ba wanda ya jira ta. 'Yan ajinsu suka mai da ita abin kwaikwayo, malamarsu kuma, da yara suka fi ƙarfinta, in ta yi tambaya ta ga Kurciya ta fara kokawa sai ta wuce kan na gaba. Shekara ba ta zagayo ba yarinya ta rufe bakinta ruf. Ko a gida sai nuni da yatsa da gyaɗa kai.

Yaya ta je makarantar ta yi faɗa, ta dawo ta yi kuka, ta sauya mata wata, duk a banza. Rannan ta dawo daga ofis, ta cire takalmin nan ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce daga yau ita za ta koyar da 'ya'yanta da kanta. Mijinta mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, shi kansa sanyin gare shi, ya ce, “To, in kin ga za ki iya.” Mahaifiyarmu ta tafa hannu ta ce karatu ya taɓa wa Yaya kai. Ni kuma na tambaye ta ko ta san abin da take jawo wa kanta.

“Abu ɗaya nake nema,” in ji ta. “Yarinyar nan ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta, ba tsoro. In na samu wannan, lissafi da kimiyya duk gyara ne.”

Ta cire babban ɗanta ma daga makaranta, wanda muke kira Farfesa saboda bakinsa ba ya hutawa. Ta ce ba za ta iya raba ƙafa ba, ta kai wannan makaranta ta dawo ta koyar da waccan. Auta kuwa a cikin makarantar ya buɗe ido, tun yana rarrafe yake cin alli.

Watannin farko abin wasan yara ya zama. Wane yaro ne zai ji tsoron uwarsa a kan biyu sau biyu? Tana rubutu a allo, wannan ya rataye a wuyanta, wancan ya ce Mama yunwa, ana cikin karatu a ɓalle da kokawa a ƙarƙashin tebur. Kuma duk sanda Kurciya ta yunƙura za ta yi magana sai Farfesa ya ƙarasa mata, wai shi taimako. Nan Yaya ta kafa doka biyu. Ta farko, daga an kwashe kwanukan karin kumallo har agogon falo ya nuna sha biyu babu Mama a gidan, Malama ce kawai. Ta biyu, mai son magana ya ɗaga hannu ya jira a kira shi, wanda aka kira kuma ba mai katse shi har ya gama, ko zai kai gobe.

Na yi dariya har da riƙe ciki da na ji 'ya'yan da ta shayar suna ce mata Malama. Amma dole in faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Ina nan ranar da Kurciya ta fara ɗaga hannu. Yaya ta ce, “Na'am, Kurciya.” Falo ya yi tsit, Farfesa ya toshe bakinsa da hannu biyu kamar zai fashe, yarinya ta yi ta fama har ta fitar da magana guda cikakkiya. Cewa ta yi fensirinta ya karye. Yaya ta shiga kicin wai za ta ɗauko reza, na bi ta na same ta ta kifa kai a jikin firij tana kuka. Tun daga ranar Kurciya ta riƙe dokokin nan fiye da wadda ta kafa su. Farfesa kullum sai ya karya, Auta bai ma san da su ba, ita kuwa ko atishawa za ta yi sai ka ga hannun ya fara tashi.

In kana son ganin gajiya da idonka, ka je gidan da hantsi. Teburin cin abinci shi ne teburin karatu, ana kwashewa ana sake shimfiɗawa, kuma babu littafin da ba shi da tabon mai ko na shayi. A bakin taga kofunan roba ne jere, wake yana tsiro a cikin auduga, rabinsa ya ruɓe. Taswirar duniya tana manne a bango, Auta ya yage mata kusurwa ɗaya tun yana koyon tsayuwa, ba a samu sukunin sayo wata ba. Wanki yana jibge a kan kujerar baƙi, baƙin ma sun daina zuwa. In lokacin motsa jiki ya yi aka fara tsalle-tsalle, maƙwabcin ƙasa ya ɗauko sanda ya yi ta dukan silin ɗinsa. Yaya tana haɗa shayi tun da safe, ta manta shi a kan firij, ta ɗumama, ta sake mantawa. Karatun Farfesa ya kai inda ya fara wuce abin da ta tuna, sai ta riƙa karanta shafin gobe yau, tana tsaye a gaban tukunya. Ni nake gwada mata ido a shagonmu, kuma duk zuwa sai gilashin ya ƙara kauri.

Mahaifiyarmu in ta zo ziyara ba ta zama sai ta yi wa jikokin jarrabawa. “Kai, bakwai sau takwas?” In Farfesa ya amsa ta ce ai wannan da ma da kansa aka haife shi, in Auta ya kasa ta dubi Yaya ta yi ƙwafa. Maigidan kuwa yana fita tun da sassafe da jakar kayan aikinsa, ya dawo da yamma ya tambayi yara me aka koya yau, kafin su gama ba shi amsa ya fara gyangyaɗi. Ba mugu ba ne, shi ma tasa gajiyar ta ishe shi.

Yaya ba ta saɓa wa agogo. Sha biyu na yi za ta ajiye alli ta ce, “Mama ta dawo,” yara su yi ihu su faɗa jikinta. Da farko ke nan. Da tafiya ta yi nisa, Maman da ke dawowa ba ta da sauran ƙarfi. Ta ɗora girki, ta yi wanke-wanke, ta zauna duba aikin da suka yi, barci ya kwashe ta a kan kujera da jan biro a hannu. Duk ƙarfin yinin Malama ta cinye, Mama sai ragowa. Sau da yawa na shiga na tarar Kurciya tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar uwar tana wasa ita kaɗai, a hankali don kada ta tashe ta.

Wata la'asar ina taya ta ninke kaya na ce, “Yaya, wai ke ba ki gaji ba?”

“In na gaji in miƙa wa wa?”

“Ki mai da su makaranta mana. Kurciya ai tana magana yanzu.”

“Tana magana a falon nan. Kin taɓa jin ta ce wa mai shago ko sannu?” Ta ninke wandon Auta, ta warware, ta sake ninkewa. “Wani lokaci in na shiga wanka sai in ƙi fitowa. Ruwan ya ƙare, ina tsaye kawai. Nan ne kaɗai ba mai ɗaga mini hannu.”

Na ce mata wandon a baibai yake.

Laraba ita ce ranar fita, kuma kada ka yi zaton yawo ne. Yaya ba ta san yawo ba. Mun je gidan namun daji, yara ba su samu sun yi wa biri dariya ba sai da suka raba dabbobi gida-gida, masu shayarwa da masu ƙwai. Mun je tashar jirgin ƙasa aka yi lissafin tafiya. Mun je wajen 'yan kwana-kwana, mun je gidan waya, mun je wani lambu aka tsinto ganyaye aka cika mini mota da tururuwa. Ko askirim na saya musu sai ta tambaye su me ya sa yake narkewa. Na ce, “Yaya, don Allah ki bar yaran nan su lashi abinsu. Yana narkewa ne don kin tsare su da tambaya.” Kuma ko'ina muka shiga sai wani ya leƙo ya ce, “A'a, yau ba makaranta ne?” Yaya ta yi murmushin nan na wadda tambaya ta ishe ta, ta soma bayani daga farko. Fitar safe ce, saboda haka a motata ma Malama ce, ni kuma Anti Direba.

Larabar da ba na mantawa gidan burodi muka je. Yaya ta daɗe tana roƙon mai wurin a waya kafin ya yarda. Ranar ta tashi da ciwon kai, Auta ya yi fitsarin kwance, Farfesa ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, kowa ya shiga mota rai a ɓace. Wurin wani dogon ɗaki ne mai zafi, gari ya yi fari a ƙasa, injin kwaɓa yana ruri ba ka jin na kusa da kai sai ya ɗaga murya. Ma'aikata suna ta kai da kawo da farantan ƙarfe, waɗanda suka fito daga tanderu suna jera su a kan wasu kantoci masu taya a gefen hanya. Mai gidan burodin, wani dattijo mai tumbi da fara'a, ya gargaɗe mu tun daga ƙofa kada kowa ya taɓa komai.

Farfesa ya samu abin da yake so. Ya ɗaga hannu, aka kira shi, ya tambayi abin da ke sa ƙullu ya kumbura. Dattijo ya fara bayanin yis, Yaya ta karɓe tana ƙarawa, Farfesa ya jefo wata tambayar kafin a gama da wannan. Ni ina riƙe da Auta da hannu biyu, don ya rantse sai ya tsoma yatsa a cikin injin. Na hango Kurciya a bayanmu kusa da kantocin, hannunta na hagu a sama, na dama ta cusa shi a hammata. Ban kawo komai a raina ba, ai kullum hannun nan a sama yake. Yaya ma ta gani. Ta ɗaga mata yatsa alamar ta jira, yayanta bai gama ba. Aka ci gaba da zancen yis. Can Yaya ta sake waiwayawa, hannu yana nan, ta ɗaga murya saboda ƙarar inji ta ce, “Na gan ki, Kurciya. Bi da bi ne.”

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san an gama yis, an shiga gishiri da sukari, har dattijo ya yanko ƙullu ya ba Farfesa ya murza. Auta ne ya suɓuce mini, ya ruga wajen yayarsa ya fizgo hannun da ta ɓoye. Shi da ba ruwansa da doka, ya kwarara ihun da ya danne na injin.

“Mama! Hannun Kurciya ya dahu!”

Ashe wani ma'aikaci ne ya turo ɗaya daga cikin kantocin nan zai wuce, ta ja da baya don ta ba shi hanya, ta dafa farantin da fitowarsa ke nan daga wuta. Tafin hannun ya yi jawur, yatsun sun tashi sun ɗuri ruwa. Hawaye ya jiƙa mata gaban riga, leɓenta na ƙasa ya fashe don cizo, amma hannun hagu yana nan a sama. Sai da na kama shi da kaina na sauke.

Dattijo ya ruɗe, aka kashe inji, aka kai ta famfo aka sakar mata ruwa. Yaya tana riƙe da wuyan hannun a ƙarƙashin ruwan tana cewa, “Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa ba ki gaya mini ba?” Kurciya ta buɗe baki, ta maƙale, ta sake gwadawa. Ba wanda ya katse ta.

“B-b-ba a k-kira ni ba.”

Akwai wani ƙaramin asibiti a bayan layin, can muka nufa. Farfesa ya yi gum a mota, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya magana. Nas ɗin da ta karɓe mu mace ce mai saurin hannu, ba ta son dogon zance. Ta wanke ƙunar, ta shafa magani, ta naɗe da bandeji, ta ce ba ta yi zurfi ba, za ta warke, sai dai a riƙa kawo ta wanki. Kurciya ba ta ce uffan ba, tana zaune a bakin gado a miƙe, ƙafafu a haɗe. Nas ta ce ta daɗe ba ta ga yarinya mai dauriya haka ba. Na so a ce ta yi shiru da bakinta.

Da ta zo rubuta kati sai ta dube mu, ni da Yaya, don muna kama sosai. Ta duƙa wajen yarinyar ta ce, “'Yan mata, wacce ce mamanki a nan? Wannan?” Ta nuna Yaya.

Kurciya ba ta dubi Yaya ba. Kai ta ɗaga ta dubi agogon da ke saman ƙofa. Ni ma na duba. Sha biyu ba ta yi ba.

“M-malama ce,” in ji ta.

“To, baiwar Allah, sai ki kira iyayenta,” nas ta ce wa Yaya. “Ya kamata su san abin da ya faru.”

“Ni ce uwarta.” Muryar Yaya ta fito can ƙasa. “Ni na haife ta.”

Nas ta dube ni, na gyaɗa kai, ta taɓe baki ta ci gaba da rubutunta. Na ji kamar in kama Yaya in girgiza, na ji kuma kamar in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Tausayinta ya kama ni. Shekarun nan duka ta bayar, da aikinta da barcinta da lafiyar idonta, don yarinyar nan ta iya cewa wayyo in abu ya same ta.

Da muka fito Yaya ba ta zauna a gaba ba kamar kullum. Ta tura Farfesa gaba, ta shiga baya ta zauna kusa da Kurciya. Ina kallonsu ta madubi. Ta sa hannu ta jawo ta jikinta. Yarinya ta biyo don an ja ta, amma jikinta a sandare, hannun bandeji a kan cinya, ido a gaba, yadda take zama a teburin falo.

“Kurciya, ni ce fa. Mama ce. Yau an tashi makaranta da wuri.”

Kurciya ta girgiza kai a hankali. Ba taurin kai ba ne, na san yarinyar. Dokar nan ita ta ba ta baki, ba za ta yarda a taɓa ta ba, ko da wadda ta kafa ta ce. Yaya ta yi lallashi, ta shafa mata kai, ta kira ta da duk sunayen da take kiranta tana jaririya. Daga ƙarshe ta bari, ta jingina kai da kujera ta rufe ido. Na tada mota na tambaya ko gida za mu.

“Saura nawa?” ta ce, ba ta buɗe ido ba.

“Me fa?”

“Sha biyu.”

Na ce saura kaɗan. Ta ce kada in hau babban titi, in nemi inuwa in tsaya. Na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya gaban rumfar wani mai faci, na bar motar a kunne saboda agogon. Muka zauna cikin zafi. Auta yana cin burodin da dattijo ya cusa masa a hannu, sauranmu kowa idonsa a kan ɗan agogon gaban mota, har da uwar. Da lambobin suka juya, Kurciya ta ja dogon numfashi, ta kifa fuska a cinyar Yaya, ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, har mai faci ya ajiye tayarsa ya leƙo.

“Mama, zafi! Mama, hannuna! T-tun ɗazu nake jiranki!”

Yaya ta duƙa a kanta ta rufe ta da jikinta duka, tana cewa, “Na zo. Na zo, ga ni.” Na kashe motar, don na ga ba yanzu za mu tafi ba.